Hoton sintigrafi: yadda likitoci ke gano toshewar jijiyoyin zuciya tun kafin mutum ya faɗi

A wannan karo za mu leƙa asibiti ne, domin mu yi bayani a kan wani awo da yawancinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa yana iya zama dalilin tsirar mai gida ko uwar gida. Likitoci suna kiransa sintigrafi na zuciya, wato hoton da ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar wani magani mai fitar da haske, domin a ga ko jini yana isa kowane lungu na naman zuciya.

Ba wanda ya daɗe a kasuwa, ko a Katako ko a kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, da bai taɓa jin an ce wane ya buɗe shago da safe lafiya lau, kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi ba. Mu dai mukan ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. To amma sau da yawa ciwon ya daɗe yana sallama, mai shi ne bai amsa ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2021 ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya kashe mutum wajen miliyon 9, kimanin kashi 13 cikin 100 na dukan waɗanda suka rasu a duniya a shekarar. Babu wata cuta da ta kai shi kisa. Da can ana cewa ciwon Turawa ne, yanzu kuwa ga shi cikin rumfunanmu, tare da hauhawar tansiyon da ciwon sukari da ƙiba da shan taba.

Mene ne ciwon?

Zuciya tsoka ce, nama ne mai aiki dare da rana, tana bugawa kamar sau dubu 100 kowace rana ba hutu. Ko da yake cikinta cike yake da jini, ba daga nan take ci ba. Tana da nata jijiyoyi da suka kewaye ta ta waje, manya guda uku da rassansu, su ne ke kai mata jini da iska. Mu ɗauki misalin garkar albasa a Galmi. Rijiya tana da ruwa, injin yana aiki, amma kowane fangali yana da hanyar da ruwa ke bi ya iske shi. In laka ta taru a hanya guda, fangalin da ke ƙarshenta shi ne zai sha wuya, sauran suna kore shar.

Haka abin yake a jiki. Kitse da ake kira kolesterol yana taruwa a bangon jijiya sannu a hankali, shekara da shekaru, har hanya ta ƙuntata. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, muddin mutum yana zaune bisa tabarma ko kujerar shago, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi zuciya. Amma da ya ɗauki buhu, ko ya hau bene, ko ya yi sauri don kada mota ta tashi ta bar shi, ko ransa ya ɓaci a kan bashi, sai zuciya ta nemi jini ninki uku ko huɗu. Lafiyayyar jijiya takan buɗe ta ba da shi, wadda ta ƙuntata kuwa, musamman in toshewar ta kai kashi 70 cikin 100, sai ta kasa. Nan ne mutum yake jin kamar an aza masa dutse a ƙirji, wani lokaci ciwon ya bi hannun hagu ko wuya ko muƙamuƙi. In ya tsaya ya huta minti kaɗan sai abin ya lafa, ya ce ai gajiya ce, ko gyambon ciki ne, ya aika yaro ya sayo masa ƙwaya wajen masu tallar magani.

Iyayenmu mata da masu ciwon sukari sai sun ƙara lura, domin su sau da yawa ciwon ba ya zuwa da nauyin ƙirji sosai. Abin da Hajiya za ta gani shi ne numfashi yana yanke mata a tafiyar da ta saba yi da kaya a kai, ko wata irin kasala, ko tashin zuciya da zufa. Mai ciwon sukari kuwa yana iya samun toshewa mai tsanani ba tare da ya ji zafi ba sam.

Me ya sa elektro kaɗai ba ya isa?

Da yawa daga cikinmu sun san elektro, awon da ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji, inji ya fitar da takarda mai zane-zane. Awo ne mai amfani ƙwarai, mai sauƙin kuɗi, kuma da shi ake farawa. Sai dai ana yin sa ne mutum yana kwance yana hutawa, kuma kusan rabin masu irin wannan ciwon ƙirji na wahala, elektronsu na hutu yakan fito lafiya lau. Mutum ya koma kasuwa da takarda a aljihu yana cewa an auna ba a ga komi ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ba a sanin ƙarfin jaki yana ɗaure a turke, sai an aza masa kaya. Dabarar sintigrafi ke nan gaba ɗaya: a aza wa zuciya kaya a gaban likita, a ɗauki hotonta, sannan a sake ɗauka tana hutawa, a gwama biyun.

Yadda ake yin awon

Da farko ana sa wa mutum ƴar allura a jijiyar hannu, a manna masa wayoyin elektro, a ɗaura masa abin awon tansiyon. Sai ya hau wani keke da ba ya tafiya, ko wata darduma mai gudu da inji, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan. Likita yana son bugun zuciya ya kai wani adadi da ake lissafawa da shekarun mutum: a cire shekarunsa daga 220, a ɗauki kashi 85 cikin 100 na abin da ya rage. Mai shekara 50 ke nan sai zuciyarsa ta kai bugu wajen 145 a minti. Daidai lokacin da wahala ta kai maƙura, sai a tura maganin cikin jijiya, ya ci gaba da tuƙi kamar minti guda ko biyu.

Wanda ba ya iya tuƙa keke, saboda ciwon gwiwa ko ƙiba ko tsufa, akwai magungunan da ake ba shi ta jijiya, irin su dipiridamol ko adenozin, masu buɗe jijiyoyin zuciya kamar ya yi gudu alhali yana kwance. Suna iya sa jin zafi a fuska, ko ciwon kai, ko nauyin ƙirji na ɗan lokaci, kuma likita yana da makarinsu a kusa. Mai ciwon fuka tilas ya faɗa tun farko, domin waɗannan magunguna suna iya tayar masa da ita. Shi akan ba shi wani daban mai suna dobutamin.

Maganin hoton kansa ɗan kaɗan ne, bai cika cokalin shayi ba. Yana bin jini, kuma naman zuciya mai rai yana shan sa gwargwadon jinin da ya iso gare shi. Inda jini ya isa da yawa, magani ya taru da yawa. Inda hanya ta toshe, kaɗan ne zai shiga. Bayan jira na rabin awa zuwa awa guda, sai mutum ya kwanta bisa gado, hannuwa sama da kai, wata babbar na'ura da ake kira kyamarar gama ta riƙa kewaya ƙirjinsa a hankali, kamar minti 15 zuwa 20. Na'urar ba ta harba komi cikin jiki, hasken da ke fitowa daga maganin kawai take tattarawa, kwamfuta kuma ta yanka hoton zuciyar fala-fala kamar yadda ake yanka albasa. Daga baya, a ranar ko washegari, a sake allura da hoto mutum yana cikin hutu. In a rana guda ne, a ware awa uku zuwa biyar, a bar wa yaron shago makulli.

Abin da hoton ke faɗi

Amsar iri uku ce. In zuciya ta haska ko'ina, a wahala da a hutu, to jini yana isa. Wannan babban albishir ne, domin binciken da aka yi a kan dubban mutane ya nuna cewa, cikin masu irin wannan sakamako, waɗanda ke samun bugun zuciya ko mutuwa ta dalilinta ba su kai mutum 1 cikin 100 ba a shekara.

In wani wuri ya yi duhu a lokacin wahala amma ya haska a hutu, to wannan fangali ne da ke yaushi da rana ya farfaɗo da yamma. Naman yana da rai, ruwa ne ba ya isarsa. Shi ne abin da ake nema a gano, domin shi ne ake iya ceto.

In kuwa wurin ya yi duhu a hotunan biyu, galibi alama ce ta tabo, wato bugun zuciya ya riga ya auku a baya, naman wurin ya mutu, wani lokaci ma mai shi bai sani ba. Bugu da ƙari, hoton yana nuna girman wurin da abin ya shafa, da jijiyar da ake zargi, da kuma ƙarfin da zuciya ke matsa jini da shi a kowane bugu.

A nan ne maganar ta shafi aljihu. Mun san ƴan uwa da ke sayar da fili ko su karya jari su tafi Tunis ko Maroko ko Indiya neman maganin zuciya. Wanda hotonsa ya fito lafiya, sau da yawa an hutar da shi wannan tafiya. Wanda aka ga babban wuri ya yi duhu, shi ne ake turawa awon koronarografi, inda ake zura siririn tiyo ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuciya a ga toshewar ido da ido, in ta kama a buɗe ta a sa ɗan ƙarfen da zai riƙe ta, ko a yi aiki. Kuma ko an ga duhu, ba kowa ne ke bukatar ƙarfe nan take ba. Wani babban bincike mai suna ISCHEMIA, da aka yi a kan mutum 5179 a ƙasashe da dama aka fitar da sakamakonsa a 2020, ya nuna cewa ga masu ciwon da ya tsaya wuri guda bai tsananta ba, gaggawar buɗe jijiya ba ta rage mutuwa ba in an gwama da shan magani yadda ya kamata, ko da yake ta fi rage ciwon ƙirji ga masu fama da shi. Saboda haka in likita ya ce a fara da ƙwayoyi, kada a ɗauka rowa ce ko rashin iyawa.

Goro, shayi da kafe

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Goro da shayi da kafe da Coca-Cola da cakulan duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, haka ma wasu ƙwayoyin ciwon kai da na gajiya da ake saidawa a bakin tasha. Kafeyin yana tare wa dipiridamol da adenozin hanya, jijiyoyi su ƙi buɗewa, hoto ya fito kamar lafiya alhali akwai ciwo. Shi ya sa ake hana su awa 12 zuwa 24 kafin awo. Alhajin da ya ce ai ɓarin goro ɗaya ba komi ba ne, ko ya tsaya fada ya kurɓi shayin farko, kansa ya cuta, ya biya kuɗi ya sayi amsar ƙarya.

Sauran sharuɗɗan su ne: a bar cin abinci awa uku ko huɗu kafin a zo, a sa tufafi marasa nauyi da takalmin da za a iya tuƙa keke da shi, a zo da dukan magungunan da ake sha da takardunsu. Akwai magungunan tansiyon da na zuciya da likita kan ce a dakatar kwana ɗaya ko biyu, amma shi ne zai faɗa, kada mutum ya yanke da kansa. Mai ciwon sukari ya tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayarsa a ranar. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a taɓa ta, domin galibi ba a yi wa mai ciki wannan awo. Mai shayarwa ita ma ta faɗa, a gaya mata yadda za ta yi da jariri.

Tsoron kalmar nukiliya

Da an ce nukiliya sai gaban mutane ya faɗi, su tuna bom. Gaskiya ne maganin yana fitar da haske mai ratsa jiki, amma an auna shi. Awo guda da maganin da aka fi amfani da shi, mai suna teknesiyom, yakan ba jiki kimanin milisibat 10, wato kwatankwacin abin da kowane ɗan Adam ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin shekara huɗu yana zaune gidansa. Ba abin wasa ba ne da za a riƙa maimaitawa ba dalili, amma ga wanda ake zargin jijiyarsa ta toshe, haɗarin rashin sani ya fi wannan nesa ba kusa ba. Kuma maganin ba ya zama a jiki. Kowace awa 6 ƙarfinsa yana raguwa da rabi, bayan kwana guda abin da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 16 ba, wani kuma yana fita ta fitsari da bayan gida. Shi ya sa ake cewa a sha ruwa da yawa, a kuma rage rungumar ƙananan yara a ranar. Masu fatauci zuwa Dubai ko Sin su karɓi takardar shaida daga asibiti in tafiyar ta kusa, domin na'urorin wasu filayen jirgin sama suna iya jin hasken kwanaki kaɗan bayan awo.

Hajar da ba ta kwana

Mai karatu zai ce, in awon yana da amfani haka, me ya hana a same shi a kowace jiha? Amsar ƴan kasuwa za su fi kowa gane ta. Kyamarar kanta tsohuwar dabara ce, wani Ba'amurke mai suna Hal Anger ya ƙirƙiro ta tun wajen 1957. Wahalar tana ga maganin. Abin da ke rasa rabin ƙarfinsa cikin awa 6 ba ya shiga sito, ko tumatir da ƙanƙara sun fi shi haƙuri. Saboda haka asibiti ba teknesiyom yake saye ba, uwarsa yake saye, wani sinadari mai suna molibden 99, a cikin tukunyar darma, a riƙa tatsar ta kowace safiya kamar saniya. Ita ma uwar tana rasa rabin ƙarfinta cikin awa 66, bayan sati ɗaya ko biyu sai a sake oda, kuma a jirgin sama take zuwa.

Wuraren da ke yin wannan uwa a duniya ba su da yawa: akwai Petten a ƙasar Holand, da Mol a Beljik, da Pelindaba a Afirka ta Kudu, da wasu a Polan da Cek da Ostareliya. A 2009 da 2010, lokacin da injin Kanada ya lalace, na Holand kuma aka tsayar da shi don gyara, har manyan asibitocin Turai da Amurka sai da suka riƙa ɗage wa marasa lafiya rana. Abin da zai ba ɗan Nijar mamaki shi ne, daga uraniyom ake samun wannan sinadari, irin ƙarfen da ake haƙowa a Arlit tun 1971, bayan an tace shi an sa shi cikin waɗancan injuna.

A ƙasarmu, a Yamai ne aka kafa sashen wannan fanni, a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdu Mumuni, tare da tallafin hukumar nukiliya ta duniya, AIEA. Ga mutumin Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600, na Damagaram kuwa kusan 900. Don haka kada kowa ya hau mota da ka. Likitan zuciya ne ke rubuta takardar awon, kuma ta hannunsa ya kamata a tabbatar da ranar da magani zai kasance a ƙasa kafin a sayi tikiti.

Iyakar awon

Kowane ma'auni yana da inda yake kuskure. Ga mata masu cikar ƙirji da masu ƙiba, nama yana iya tare haske, wuri ya yi duhu alhali lafiya yake. Wani lokaci kuma, in jijiyoyin uku duka sun ƙuntata daidai wa daida, hoton yana iya fitowa kamar ba komi, tunda babu wuri mai haske sosai da za a gwama da shi. Shi ya sa likita ba ya karanta hoto shi kaɗai, sai ya haɗa da bayanin mai ciwo da elektro da yadda ya yi bisa keke. Akwai kuma wasu hanyoyi: elektro na wahala, da ekografin zuciya na wahala wanda ba shi da haske ko kaɗan, da sikana ta jijiyoyin zuciya wadda a yau ƙasashe da dama ke farawa da ita. Likita ne zai zaɓi wadda ta dace da mutum da kuma abin da ke samuwa kusa.

Sintigrafi kuma ba awon marmari ba ne da mai lafiya zai je ya yi don yana da kuɗi. Haka nan ba na gaggawa ba ne. Wanda ciwon ƙirji ya kama shi yana zaune, ya wuce minti 15 bai saki ba, ga zufa mai sanyi, ga numfashi sama-sama, wannan ba maganar jiran rana ba ce, ba ta jiƙo ko hayaƙi ba ce. A sa shi mota a nufi asibiti mafi kusa nan take, domin kowane minti naman zuciya ne ke mutuwa.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƴan uwa da su riƙa awon tansiyon da sukari ko da ba su jin komi, musamman waɗanda suka haura shekara 40. A rage gishiri da dunƙulen miya, tunda OMS ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙasa da cokalin shayi guda. A bar taba, a rage maiƙo, a riƙa taka ƙasa maimakon hawa kabu-kabu daga ƙofar gida har ƙofar shago. Wanda kuma ya lura ƙirjinsa yana nauyi in ya yi wahala, yana saki in ya huta, to ya je ya faɗa wa likita da waɗannan kalmomi, ya kuma tambaye shi ko akwai bukatar a auna zuciyar tana cikin aiki. Mun iya lissafin kowane buhu da ke cikin sito, bai kamata a ce wanda ke riƙe da makullin siton ne ba a taɓa dubawa ba. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.